BABI NA UKU: KOYAR DA YARA DAƊAƊƊEN TARIHI TA HANYAR ƘAGAGGEN RUBUTU A YANKIN JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba yadda za a iya koyar da yara daɗaɗɗen tarihin ƙasarsu ta hanyar sa su ƙaga rubutu da kansu. Abin da ake nufi da daɗaɗɗen tarihi a nan shi ne abubuwan da suka faru tun daga kafuwar daular Kabi a farkon ƙarni na 16 har zuwa 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Ƙagaggen rubutu kuwa ya haɗa da gajeren labari da wasiƙa da waƙa da wasan kwaikwayo, wato duk rubutun da yaro zai gina da tunaninsa bisa wani abu da ya tabbata ya faru. An taƙaita nazarin a kan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda duk suna cikin masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Ra'ayin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wannan hanya tana da tushe a al'adar karatun yankin, kuma za ta yi amfani matuƙar an koya wa yaro ya raba abin da tarihi ya tabbatar da abin da shi ya ƙara daga kansa.

3.1 Matsayin Darasin Tarihi a Makarantun Yara

Darasin tarihi ya daɗe yana fuskantar koma-baya a ƙananan makarantun Nijeriya. Tun lokacin da aka fara aiki da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, darasin nazarin zaman jama'a ya mamaye gurbin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fito da ita a 2007 ita ma ba ta ba tarihi gurbi na kansa ba. Sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sabuwar manhajar tarihi ta waɗannan azuzuwa, sa'annan a watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da shirin horar da malaman tarihi 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja.

Dawo da darasi cikin manhaja mataki ne na farko kawai. Tambayar da ta rage ita ce yaya za a koyar da shi. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce malami ya rubuta jerin sarakuna da shekarunsu a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a ranar jarrabawa. Yaron da aka koyar ta haka yana iya faɗin shekarar da aka ci Birnin Kabi, amma da wuya ya san cewa labarin ya shafi garinsu, ko ma gidansu.

3.2 Tarihin da Yankin ya Ƙunsa

Kafin a yi maganar hanyar koyarwa, ya dace a kawo abin da za a koyar. An zaɓi batutuwa uku saboda kusancinsu da yaran wannan yanki.

3.2.1 Muhammadu Kanta da Daular Kabi

Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya nuna cewa Kanta mai mulkin Leƙa ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, daga baya suka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle a wajejen 1516 zuwa 1517. Rundunar da aka aiko masa ba ta yi nasara a kansa ba. Ya gina Surame ta zama babban birninsa, kuma kufanta da ragowar ganuwarta ta duwatsu suna nan a Jihar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarin Kanta da karawarsa da Barno a Infaƙul Maisuri. A wajen farkon ƙarni na 18 ne sarautar ta koma Birnin Kabi.

Abin lura a nan shi ne, a Gwandu ne Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sami kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, ya kwafi wasu sassansa. Ke nan littafin da masana suke dogara da shi a kan Kanta yana hannun malaman wannan masarauta tun kafin Turai ta san abin da ya ƙunsa.

Ban da rubutattun bayanai, akwai na baka. Ana ba da labarin cewa Kanta ya tashi yana kiwo, ya gagari tsaransa a fagen dambe da kokawa. Ana kuma cewa wani sashe na ganuwar Surame da man kaɗe aka kwaɓa ƙasarsa a madadin ruwa, don horon waɗanda suka makara zuwa aiki. Irin waɗannan labarai su ne suka fi jan hankalin yara, kuma su ne malami ya kamata ya nuna musu cewa labaran baka ne.

3.2.2 Gimbana da Kafuwar Jega

Malam Abdussalami yana cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na farko, kuma asalinsa Ba'are ne. Saboda matsin sarakunan Gobir ya koma Gimbana ta ƙasar Kabi da jama'arsa. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan al'amari yana cikin manyan dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi a Kimba a 1826. Kimba kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Jega.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, wanda a lokacin yake zaune a Kware, ya saɓa da Muhammadu Bello. Aka yi ta musayar wasiƙu, daga bisani aka gwabza, Kware ta faɗi, shi kuma ya rasu a Bakura a farkon 1818 sakamakon raunin da ya samu. Bello ya rubuta bayanin wannan rikici a littafinsa Sardul Kalami. Da yawa daga mabiyan Abdussalami suka taru a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi gudunmawa aka ci garin. Bayan haka ne Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa Jega a wajen 1820. Zuriyar waɗannan mutane su ne Gimbanawa, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega.

3.2.3 Kasuwar Jega da Fatauci

Jega tana bakin Gulbin Zamfara, kuma cikin ƙarni na 19 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da sauran garuruwan gabas sukan ratsa ta wannan yanki, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu har Salaga, wadda take cikin Ghana a yau. Paul Lovejoy ya yi cikakken nazari a kan wannan fatauci a littafinsa na 1980. Kowane ayari yana da madugu da jagaba da malamin da ke riƙe da lissafi, ana kuma yada zango a wuraren da aka sani. Kayan da ake hada-hadarsu sun haɗa da goro da kanwa da tufafi da dawaki da gishirin Foga, kuɗin ciniki kuwa wuri ne. Haka kuma ana sayar da bayi, kamar yadda ake yi a sauran manyan kasuwannin wancan zamani.

3.3 Gadon Adana Tarihi Cikin Adabi

Zuba tarihi cikin adabi domin koyarwa daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa. Malam Abdullahi na Gwandu ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a Tazyinul Waraƙati a 1813, yana kawo waƙa tare da bayanin abin da ya sa aka yi ta, ta haka ya adana labarin yaƙe-yaƙen jihadi. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta wallafa waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis na ƙungiyar 'Yan Taru suka riƙa kai su ga matan ƙauyuka. Waƙar Gewaye, wadda ta bi tafiye-tafiyen Shehu daki-daki, tarihi ce da aka tsara yadda mai sauraro zai iya haddacewa.

A zamanin boko ma haka abin yake. Gasar ƙaga labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya gina jaruminsa a kan yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna rayuwar bauta da fataucin hamada. Ɗaliban Hausa da yawa ta waɗannan littattafai suka fara sanin wani abu game da wancan zamani.

Bambancin da ke akwai shi ne, a duk waɗannan misalai manya ne suke rubutawa, yaro yana karɓa. Abin da wannan babi yake kawowa shi ne a miƙa wa yaron alƙalami. Dalili kuwa, wanda zai rubuta wasiƙa da bakin ɗan fatake dole ya tambayi me ake ci a hanya, da me ake biyan kuɗi, kwana nawa ake yi. Waɗannan tambayoyi su ne mafarin binciken tarihi.

3.4 Hanyoyin Aiwatarwa

Ayyukan da za a kawo sun fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare da 'yan ƙaramar sakandare, domin su ne suka fara iya insha'i. Ana iya gudanar da su a darasin Hausa ko na tarihi, kuma ba sa buƙatar abin da ya wuce allo da alli da littafin rubutu.

3.4.1 Wasiƙar Ɗan Fatake

Malami zai fara zana taswirar hanya daga Jega zuwa Salaga a allo, ya bayyana kalmomi irin su madugu da zango da ayari da wuri. Daga nan kowane yaro zai ɗauka shi ne yaron madugu, ya rubuta wa innarsa wasiƙa daga wani zango. Sharaɗi shi ne wasiƙar ta ƙunshi aƙalla abubuwa biyar na gaskiya daga darasin, kuma kada a sami abin da babu shi a wancan zamani. Idan yaro ya rubuta cewa sun shiga mota, ko sun biya naira, malami zai mayar da tambayar ga aji: me ya sa wannan ba zai yiwu ba? Ta haka yara suke fahimtar cewa kowane zamani da kayansa, abin da jerin shekaru ba ya koyarwa.

3.4.2 Labari Ɗaya, Baki Biyu

A nan ana raba aji gida biyu a kan al'amari guda. Alal misali, rabuwar Kanta da Askiya: kashi ɗaya su rubuta da bakin wani barden Kanta da yake ganin an hana su rabonsu na ganima, ɗaya kashin da bakin manzon Askiya da yake ganin an karya alkawari. Bayan an karanta duka biyu sai a yi musanya, kowane kashi ya rubuta ɓangaren da bai rubuta ba. Manufar ita ce yaro ya gane cewa mai ba da labari yana da inda ya tsaya, kuma masanin tarihi yakan saurari kowane ɓangare kafin ya yanke hukunci.

3.4.3 Wasan Kwaikwayo

Ranar kasuwa a Jega ta wajen 1850 fage ne mai kyau na gajeren wasa. Yara za su rubuta maganganun dillali da fatke da mai gishiri da mai furar da ke zagayawa, su yi ciniki da wuri, su lissafa. Wannan aiki yana haɗa tarihi da lissafi da hikimar magana, kuma yana ba yaran da hannunsu bai faɗa da rubutu ba damar shiga, domin su ma za su ba da shawarar abin da za a faɗa.

3.4.4 Waƙa da Kirari

Yara za su iya tsara baitoci huɗu ko biyar masu amsa-amo a kan ginin Surame, ko su ƙaga kirarin garinsu. Tun da an saba da waƙe a makarantun allo da na Islamiyya, kunnen yaran yankin ya riga ya san kari. Malami zai lura da cewa kirari yabo ne, yana ɗauke da kambamawa, saboda haka sai a tambayi yara wane layi ne ya faɗi abin da ya faru, wane ne kuma ya zuzuta.

3.4.5 Labarin Kafuwar Garinmu

Wannan aiki ya fi dacewa da garuruwa da ƙauyukan da yawancin tarihinsu yake bakin dattawa, irin su Sabiyal da Danwarai a ƙasar Aliero, ko Andarai da Mungadi da Sambawa a ƙasar Maiyama. Za a tura yaro wurin kakansa ko kakarsa da tambayoyi uku ko huɗu: wa ya fara zama a nan, daga ina ya fito, me ya kawo shi, wace sana'a ya zo da ita? Zai rubuta amsar yadda aka faɗa masa a shafi ɗaya, sa'annan a shafi na biyu ya ƙaga labarin ranar da mutumin ya iso. A Aliero, wadda ta yi suna da noman albasa da ɗorin karaya na gado, ana iya karkata tambayoyin ga yadda gidan ya gaji sana'arsa. Idan makaranta ta tara waɗannan rubuce-rubuce shekara bayan shekara, za ta mallaki wani abu da babu shi a kowane littafin manhaja.

3.5 Matsaloli da Ka'idojin Kiyayewa

Matsala ta farko ita ce cakuɗa gaskiya da ƙage. Yaro yakan riƙe abin da ya ƙaga fiye da abin da aka faɗa masa, har ya ɗauka haka aka yi. Maganin wannan shi ne bayan kowane aiki yaro ya ja layi ƙarƙashin duk jumlar da ta fito daga darasi ko daga bakin dattijo, ya bar sauran. Haka kuma kada a sa yaro ya ƙaga magana ya ɗora a bakin Shehu ko Abdullahi ko Bello ko Abdussalami. Ƙage ya tsaya a kan mutanen da tarihi bai ambaci sunansu ba, kamar yaron madugu ko mai ɗebo ruwa.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. A aji ɗaya a Jega ana iya samun jikan Gimbanawa da jikan Kabawa da jikan Fulanin Gwandu suna zaune a benci ɗaya. Mutumin da littafin Bello ya nuna a matsayin wanda ya yi tawaye, shi ne kakan da wasu suke alfahari da shi. Hodi, wanda wani ɓangare yake kallo abokin gaba, Kabawa suna lissafa shi cikin sarakunansu. Gabar Kabi da Gwandu ta ɗauki kusan ƙarni guda, in ban da ɗan sararin Lafiyar Toga da aka ƙulla a 1867. Idan malami ya yi sakaci, aikin da aka shirya don ilimi sai ya koma gori a filin wasa. Saboda haka bai kamata a raba yara bisa asalinsu ba, kuma musanyar ɓangare da aka ambata a 3.4.2 wajibi ce. Ya kuma dace a rufe irin wannan darasi da yadda gabar ta ƙare, wato ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ake danganta bunƙasar bikin kamun kifi da ita.

Matsala ta uku ita ce batun bauta. Ɓoye shi ƙarya ce ga tarihin kasuwar Jega, amma bai halatta a sa wani yaro ya fito a matsayin bawa a wasan kwaikwayo ba, kuma bai halatta a ambaci asalin wani gida ba. Ya fi kyau malami ya yi bayaninsa da kansa, cikin natsuwa, ga 'yan manyan azuzuwa.

Matsala ta huɗu ta shafi malamin kansa. Wanda bai san tarihin ba ba zai iya gane kuskuren yaro ba. Akwai ayyukan masana da za su taimaka, kamar littafin Murray Last kan Daular Sakkwato (1967), da kundin M. B. Alkali kan Kabi a ƙarni na 19 (1969), da na S. A. Balogun kan Gwandu (1970), sai dai duk da Ingilishi suke, kuma ba don malamin firamare aka rubuta su ba. Ana buƙatar ɗan ƙaramin littafi da Hausa wanda zai taƙaita su. Ziyara zuwa Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ita ma za ta ba malamai da yara damar ganin makamai da tambura da idonsu kafin su rubuta a kansu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda darasin tarihi ya fita daga ƙananan makarantu ya kuma dawo, an kawo batutuwa uku daga tarihin yankin Jega da Aliero da Maiyama, an nuna cewa malaman Gwandu da Sakkwato sun daɗe suna zuba tarihi cikin adabi, sa'annan aka fayyace ayyuka biyar da matsaloli huɗu. Abin da aka fahimta shi ne ƙagaggen rubutu yana sa yaro ya yi tambaya, tambaya kuwa tana kai shi ga malami da dattijo da littafi. Sharaɗin nasararsa shi ne malami ya san tarihin, yaro ya san iyakar ƙagensa, kuma a kiyaye mutuncin kowane gida da ke da ɗa a cikin ajin. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yana firamare da tambayar wa ya faɗa, kuma daga ina ya ji, zai girma da wannan ɗabi'a ko da bai zama masanin tarihi ba.